Black Dynamite: Dariyar ɗan gida ce Michael Jai White ya yi wa finafinan baƙaƙen Amurka

Masu kallon finafinan faɗa da yawa sun san fuskar Michael Jai White ko da ba su riƙe sunansa ba. Shi ne ƙaton nan mai faffaɗan ƙirji da ya kara da Scott Adkins a kurkukun Rasha cikin Undisputed II na 2006, shi ne kuma ya fito a matsayin Mike Tyson a fim ɗin da tashar HBO ta yi a 1995. A 1997 ya ja Spawn, wanda saboda shi ake lissafa shi baƙar fata na farko da ya fito a matsayin babban jarumin littattafan zane a wani babban fim na Hollywood. Duk da haka, in ka tambayi mai kallo abin da ya sani game da shi, amsar ba ta wuce naushi da shuri ba. A ganina an tauye mutumin nan. Aikinsa mafi nauyi da alƙalami ya yi shi, a fim ɗin barkwanci mai suna Black Dynamite na 2009, wanda ya rubuta tare da Byron Minns da darakta Scott Sanders, ya kuma ja shi da kansa.

Ba za a gane abin da ya yi ba sai an koma shekarun 1970. Kafin lokacin, rawar da aka fi ba baƙar fata a fim ɗin Amurka ta bawa ce, ko ta kuku, ko ta yaron gida. Sidney Poitier ya fasa wannan shinge har ya ci kyautar Oscar a 1964, amma shi ma kullum mutumin kirki mai haƙuri ake mai da shi, wanda ba zai tayar wa farar fata hankali ba. A 1971 al'amura suka juya. Melvin Van Peebles ya tara kuɗi da kansa ya yi fim inda baƙar fata ya doki 'yan sandan da ke zaluntar wani, ya tsere, kuma ba a kashe shi a ƙarshe ba. A wannan shekarar dai Gordon Parks ya fitar da Shaft a ƙarƙashin kamfanin MGM, wanda a lokacin yake fama da matsin kuɗi. Fim ɗin ya kawo riba mai tsoka, Isaac Hayes kuma ya ci Oscar da waƙarsa. Da kamfanoni suka lura cewa baƙaƙe ne ke cika sinimomin tsakiyar birane, tun da fararen fata sun ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, sai suka yi caa a kan kasuwar. Cikin 'yan shekaru aka zubo finafinai barkatai, masu arha, waɗanda ake ɗauka cikin gaggawa.

Sunan da ake kiran su da shi, wato blaxploitation, ma'ana ci da gumin baƙaƙe, Junius Griffin na ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP reshen Hollywood ne ya laƙaba musu a 1972, kuma da fushi ya yi. Kukansa biyu ne. Jaruman finafinan sau da yawa kawalai ne da dillalan ƙwaya, sannan ribar tana komawa aljihun fararen da ke da kamfanonin.

Ana cikin haka sai guguwar finafinan Hong Kong ta iso Amurka a 1973, ta sauka a waɗannan sinimomi na unguwannin baƙaƙe, inda sau da yawa ake haɗa fim ɗin baƙaƙe da na kungfu a tikiti ɗaya. Samarin unguwannin suka rungumi Bruce Lee hannu bibbiyu, kuma dalilin a fili yake. Ga jarumi wanda ba Bature ba, talaka, ba shi da bindiga, ba shi da kowa a gwamnati, da horon jikinsa kaɗai yake ƙasƙantar da waɗanda suka raina shi. Duk wanda ya san yadda yara ke fitowa daga sinimomin Kano da Kaduna da Jos a wancan zamani suna gwada shuri a kan titi bayan sun kalli fim ɗin Chana, ba ya buƙatar dogon bayani. A Enter the Dragon na 1973 aka ga Jim Kelly, zakaran kareti mai tulin suma, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Bruce Lee. Daga nan kogunan biyu suka haɗu, aka samu jarumi baƙar fata mai faɗa irin na mutanen Gabas.

An haifi White a Brooklyn a 1967, ya girma a Bridgeport ta jihar Connecticut, saboda haka yana yaro aka yi wannan zamani. Tun yana ƙarami ya shiga koyon kareti, ya kai matakin baƙin bel a salon faɗa daban-daban, ciki har da Kyokushin da Shotokan da Taekwondo. Kafin ya shiga fim malamin makaranta ne, yana koyar da yara masu buƙata ta musamman. Da ya shiga kuwa, jikinsa aka fi gani. Aka riƙa haɗa shi da Jean-Claude Van Damme da Steven Seagal, a ba shi rawar mugu ko ta mataimaki, a 2008 ma 'yan mintoci aka ba shi a The Dark Knight kafin a kashe shi. Wanda yake da baiwar ba da dariya amma ba wanda zai rubuta masa irin wannan rawa, me ya rage masa in ba ya zauna ya rubuta wa kansa ba?

Labarin fim ɗin da gangan aka yi shi irin na wancan zamani. Tsohon sojan Biyetnam kuma tsohon jami'in CIA ne aka kashe ƙanensa, ya tashi ɗaukar fansa, ya tarar ƙwaya ta shiga har gidan marayu, ya bi sawu ya gano wata maƙarƙashiya da aka ƙulla ta hanyar wata giya da ake tallata wa baƙaƙe, ya ratsa wani tsibiri na 'yan kungfu, har ya dangana da fadar White House ya yi faɗa da Shugaba Richard Nixon. Amma ba a labarin gwanintar take ba. Da tsohon nau'in fim na Super 16 aka ɗauka domin launin ya fito kamar na 1970, Adrian Younge kuma ya haɗa kiɗan da kayan kiɗa da na'urorin wancan lokaci. Sannan aka dasa kurakurai da hannu. Makirfon da ake ratayawa sama ya sauko har ya taɓa sumar jarumin, shi kuma ya ɗaga ido ya harare shi bai daina magana ba. Wani ɗan wasa ya karanto umarnin da aka rubuta masa a takarda kamar yana cikin zancensa. A wani faɗa aka mari wani da gaske, ya fusata, da aka yanke aka dawo sai ga wani mutum dabam a madadinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne rawar White kanta, domin hawa biyu ce. A tallan fim ɗin an gabatar da tauraron a matsayin wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka mai suna Ferrante Jones, sunan da suka ƙirƙira. Ke nan White yana kwaikwayon ɗan wasan da bai gama iya wasa ba, wanda shi kuma yake kwaikwayon jarumi da iyakar ƙarfinsa. Wannan ma tarihi ne, domin Jim Brown da Fred Williamson, manyan taurarin wancan zamani, daga filin ƙwallo suka shigo fim. Gwani ya yi wasan marar gwaninta ba tare da ya ƙyafta wa mai kallo ido ba, wannan aiki ne mai wuya ƙwarai. Da zarar faɗa ya tashi kuma, babu wasa a ciki. Shurin na gaske ne, saurin na gaske ne. Da a ce ɗan barkwancin da bai iya faɗa ba ne ya ja fim ɗin, da jarumin ya zama abin tausayi, da kuma dariyar ta koma kan samarin da suka taɓa ɗaukar irinsa gwarzo.

An yi wasu finafinan da suka tsokani wannan zamani kafin nasa, a 1988 da 2002, kuma sun ba da dariya. Bambancin shi ne su daga waje suka tsaya suna nuna kayan sawa da suma da takalma masu tsini. Na White daga ciki yake magana. Kamar wasan taubasai ne: abin da taubashinka zai faɗa maka a bainar jama'a kowa ya yi dariya har da kai, in baƙo ya faɗa sai an kai ruwa rana, domin shi taubashi ya san asalin gidan kuma yana da rabo a ciki. Makirfon nan da ya sauko ba ƙage ba ne, an gan shi a Dolemite na Rudy Ray Moore a 1975, fim ɗin da mutumin ya zuba kuɗinsa na barkwanci ya yi. White ya san dalilin da ya sa irin wannan kuskure ke wucewa. Babu kuɗin sake ɗauka, babu lokaci, babu ƙwararrun ma'aikata, domin an daɗe da rufe wa baƙaƙe ƙofar koyon sana'ar. Dariyar tana kan talaucin aikin, girmamawar tana kan waɗanda suka ƙi bari talaucin ya hana su.

Haka ma batun maƙarƙashiyar. Mai kallo daga nesa zai ɗauka shirme ne kawai a ce gwamnati na shirya wa baƙaƙe guba. Amma a 1972 ne aka bankaɗo binciken Tuskegee, inda hukumar lafiya ta Amurka ta shafe shekara 40, tun daga 1932, tana lura da ɗaruruwan baƙaƙen maza masu ciwon tunjere a jihar Alabama ba tare da yi musu magani ba, har bayan an samu fenisilin. A Disambar 1969 'yan sanda suka harbe Fred Hampton na ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙe ta Black Panther a gidansa a Chicago, yana da shekara 21, kuma daga baya ta tabbata cewa FBI na da ɗan leƙen asiri a kusa da shi. Mutanen da suka ga waɗannan da idonsu ba mahaukata ba ne don sun cika sinima suna tafa wa jarumin da ya bi zalunci har ofishin shugaban ƙasa. Marubutan Black Dynamite sun kai abin maƙura don a yi dariya, amma tsoron da suka gina shi a kai sun san na gaske ne.

Akwai inda ba zan kare fim ɗin ba. Yana da tsiraici da batsa, kuma ba abin da za a kunna a falo gaban iyali ba ne. Masu cewa ai tsokanar batsar wancan zamani yake yi sun faɗi rabin gaskiya ne, domin tsiraicin da aka nuna don a yi wa tsiraici dariya, tsiraici ne dai mai kallo ya gani. Matan fim ɗin ma, in ka cire rawar Salli Richardson-Whitfield ta 'yar gwagwarmaya, yawancinsu ado ne, alhali wancan zamani ya haifar da Pam Grier wadda ta ja finafinai da kanta a 1973 da 1974. Mugun likitan da ke tsibirin kungfu a fim ɗin kuma tsohon zanen raini ne da ake yi wa mutanen Sin, kuma maimaita shi cikin raha bai wanke shi duka ba. Kukan Griffin na farko yana nan da nauyinsa.

Sai dai a tuna abin da ya biyo bayan mutuwar waɗancan finafinai. Wajen tsakiyar shekarun 1970 kamfanoni suka gane cewa baƙaƙe za su sayi tikitin manyan finafinan da aka yi wa kowa da kowa, sai suka janye kuɗinsu. Ba su maye gurbin kawalai da likitoci da malamai baƙaƙe ba, kawai rufe ƙofar suka yi, 'yan wasa da daraktoci da dama suka rasa aiki. Shi ya sa nake ganin wanda ya adana wannan zamani da kyawunsa da muninsa ya fi wanda ya so a binne shi amfani.

Kasuwa ba ta yi wa Black Dynamite adalci ba. An nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Janairun 2009, ya samu karɓuwa, amma da aka sake shi a watan Oktoba sinimomi kaɗan suka haska shi. Fim ɗin da ya ci kusan dala miliyan 3 bai tara ko rabin miliyan ɗaya a sinima ba. Faifan DVD da intanet ne suka raya shi, baki ya riƙa kai shi ga baki, har tashar Adult Swim ta mai da shi shirin katun a 2012. A nan kukan Griffin na biyu, na wanda ke riƙe da kuɗi da hanyar rarrabawa, ya sake fitowa bayan kusan shekara 40. Mutumin da ya nuna ya iya rubutu, ya iya ba da dariya, ya iya faɗa, sai da ya jira shekara 14 kafin ya fitar da magajin wannan aiki, kuma sai da ya nemi gudummawar masoya ta intanet.

Wannan magaji shi ne Outlaw Johnny Black na Satumbar 2023, wanda ya sake rubutawa da Byron Minns, ya kuma ba da umarni da kansa a ƙarƙashin kamfaninsa na Jaigantic. Fim ɗin kaboyi ne, labarin ɗan bindigar da ke neman wanda ya kashe mahaifinsa, ya ɓuya a wani gari cikin rigar fasto, har wa'azin yafiya da yake yi na ƙarya ya fara kama shi. Ya fi na farko tsawo, dariyarsa ba ta kai ta farko kaifi ba, akwai wuraren da ya kamata a datse. Amma batsar ta ragu sosai, matan sun samu bakin magana, kuma tambayar da ke cikinsa, ko mai ƙarfin ramawa zai iya haƙura, ta fi ta ɗaukar fansa zurfi. Daga cikin gyare-gyaren da masu sukar 1972 suka nema, wasu a wannan fim aka yi su, kuma wanda ya yi su mutum ne da ya tashi yana ƙaunar finafinan da suka soka.