Ba rashin Ashwin ne ya kayar da Indiya ba

Wai ajiye Ashwin, ɗan wasan Indiya mai jifan ƙwallo, a benci ne ya sa Indiya ta rasa kofin duniya na kurket na 2023 a wasan ƙarshe da Ostareliya a Ahmedabad? Haba dai! Wasa ɗaya tak ya buga a gasar, Indiya ta ci 10 a jere, ba wanda ya ce uffan. Wajen bugun ƙwallo, inda ake tara maki, Indiya ta samu matsala a wasan ƙarshen, maki 240 kacal. KL Rahul sai da ya cinye jifa 107 kafin ya haɗa 66, 'yan kallo sun yi tsit kamar gidan makoki. Kai kuma mai cewa sa'a Travis Head na Ostareliya ya taka, masu bugunsu uku aka fitar Ostareliya tana da maki 47, shi ya dage ya buga 137. Ashwin ɗin, mai jifa, ne zai ƙaro wa Indiya makin?