Kafin ka saya wa wani jita mai tsirkiya goma sha biyu

Ni dai a ra'ayina duk wanda zai saya wa wani jita mai tsirkiya 12 a matsayin kyauta a garin nan namu na Zariya, toh ya daina tambayar wacce ce ta fi arha, ya fara tambayar wacce ce za ta ga hunturu biyu uku wuyanta bai lanƙwashe ba. Neman sauƙi ba laifi bane, kowa ya san yadda aljihu yake yanzu, kuma irin waɗannan kayan kiɗa galibi daga waje ake shigo da su, dala na motsawa su ma sun motsa. Amma a jita mai shida za ka iya sayen ta ƙasa ka lallaɓa da ita shekaru, mai goma sha biyu kuwa ba ta da wannan haƙurin ko kaɗan.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, Yayata ce ta kira ni kwanan nan, ɗanta zai gama ABU kuma tun yana aji biyu yake kaɗa jita a ɗakinsu a Samaru, tana so ta yi mai wani abu da zai daɗe yana tunawa. Ta ce "ƙanina na ga wata a intanet baƙa wul sai sheƙi take, tsirkiyarta har goma sha biyu kuma wallahi ba tsada." Na ce Yaya niyyarki ta yi kyau amma dan Allah kar ki tura kuɗin nan tukunna. Abin da na yi mata bayani shi nake so sauran iyaye da yayye da matan aure masu son faranta wa mazajensu su ji.

Farko dai ba abin da ya kai sautinta daɗi a cikin ɗaki, wannan ba na jayayya. Tsirkiyoyin bibbiyu suke, layi shida kenan, yatsa ɗaya na danne guda biyu a lokaci guda. Layuka huɗu masu kauri, wato E da A da D da G, kowacce an haɗa ta da wata siririya da muryarta ta ɗara ta mai kaurin da oktef ɗaya, wato murya iri ɗaya ce amma ta sama, sauran biyun B da E kuma tagwaye ne masu murya ɗaya. Da yake ba yadda za a yi tagwayen su zo daidai ɗari bisa ɗari, ɗan bambancin nan shi ke sa sautin ya riƙa rawa yana cika wuri, mutum ɗaya na kaɗawa amma wanda ke tsakar gida zai rantse su biyu ne. Wanda ya taɓa jin ta a hannun gwani zai gane dalilin da ya sa masu jita ke kwaɗayinta.

Sai dai wannan daɗin yana da kuɗinsa, kuma katako ne ke biya. Tsirkiyoyi shida na jita ta yau da kullum suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, goma sha biyu kuwa ya haura kilo 100, ka ɗauka buhun siminti biyu ne aka rataya wa ɗan siririn katako dare da rana ba hutu. Kamfanin da ya san abin da yake yi zai ƙarfafa wuyan, ya ƙara sandunan da ke tallafe da fuskar daga ciki, ya sa gam na kirki a ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da ke manne a fuskar jitar yana riƙe da gindin tsirkiyoyin. Wanda kawai yake so ya fitar da kaya mai arha kuwa jikin mai shida zai ɗauko ya ƙara huda shida ya fesa fenti mai ƙyalli, shi kenan. Ai an ce araha ba ta ado.

Na ga irinta da idona. Wani yaro daga Tudun Wada ya kawo min wadda kawunsa ya saya mai, ba ta yi wata shida ba, lokacin ana tsakiyar sanyi. Ina ɗaga ta na ga fuskar ta kumbura a bayan jaki, na ɗauko takarda na tura ta ƙarƙashin jakin ta shige sumul har rabi, alamar gam ya saki kenan. Tsirkiyoyin sun yi sama har sai ya cije leɓe kafin ya danne guda, kan yatsunsa duk sun tsage. Yaron nan yana son kiɗa har ransa amma ya fara cewa wai shi dai ƙila ba shi da baiwa, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai, kayan banza ya sa yaro ya raina kansa.

Shi ya sa nake cewa kar ta zama jitar farko ga kowa. Wuyanta ya fi faɗi, wajen milimita 48 ne a sama inda mai shida take wajen 43, dannawa ta fi wuya, ga saitin kunnuwa goma sha biyu, waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, kafin ka fara komai. Sabon koyo zai gaji kafin ya ji daɗin. Idan wanda za ka saya wa yatsunsa ba su riga sun yi kanta ba, nemo mai shida mai kyau ka ba shi, zai fi gode maka. Sannan idan yaro ne da ke gaban iyayensa a fara jin ta bakinsu, mun san garinmu, akwai gidajen da ba a shiga da kayan kiɗa kuma hakkinsu ne, bai kamata kyauta ta jawo wa yaro faɗa ba.

Yanzu ga inda na saba da masu ba da shawara daga Turai da Amurka. Kullum za su ce ka nemi mai fuskar katako tsantsa, ka guji mai katakon da aka manna falle-falle irin filawud, kuma ta fannin sauti gaskiya suka faɗa, tsantsan ya fi amo. Amma su ba su san hunturun Zazzau ba. Masu ƙera jita cewa suke a ajiye ta inda danshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan Agusta ta zo komai ya jiƙe har ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa. Katako tsantsa yana tsukewa ya buɗe da wannan canjin har ya tsage, na manne kuwa ya fi juriya saboda an giciye zaren kowane falle da na ƙasansa. Don haka idan na san wanda zan ba mai barin kaya ne a jingine da bango, ba zan ji kunyar saya mai ta manne ba. Idan mai kula ne sai in saya mai tsantsa in koya mai dabarar soso, a jiƙa shi a matse sosai a sa a kwanon sabulu mai huda a ajiye cikin akwatin jitar a rufe, ana duba shi duk bayan kwana biyu in ana sanyi.

Cikin masu sauƙin kuɗi waɗanda sunansu ya fito akwai Yamaha FG820-12 mai fuskar katako tsantsa, ita zan fara nema. Akwai Fender CD-60SCE ta goma sha biyu, ita ma tsantsa ce kuma ana jona ta da sifika, ta dace da masu kaɗawa a coci ko wajen taro. Sai Epiphone DR-212 wadda ta fi su sauƙi. Amma sunan da ke rubuce a kai kaɗai ba hujja bane, jabu sun cika kasuwa, a leƙa cikin ramin da ke fuskar jitar a ga takardar kamfani da lambar siriyal, kuma in aka ce maka sabuwa ce dal a rabin kuɗin da kowa ke sayarwa toh ka san akwai magana. Ta hannu mai kyau ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba.

Ko a Sabon Gari ka samu ko Kaduna ko Kano, ko daga Alaba a Legas za a yi maka webil, kar ka biya sai an gwada, in daga nesa ne a yi maka bidiyo. A ɗaure tsirkiyoyin su kai saiti tukunna, don wasu masu shago sassauta su suke yi aibin ya ɓuya. Ka ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai zuwa jiki ka ga ko ya miƙe. Ka je firet na 12, wato na 12 cikin ƙarafan da aka gicciya a wuyan in ka ƙirgo daga kai, ka tura katin ATM tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri, kati uku su shiga daidai shi ne lafiya, huɗu da sauƙi, in biyar suka shige ka ce Oga na gode ka ajiye mai kayansa. Ka tabbata akwai rodi a cikin wuyan da ake juyawa da alanki, kuma yana juyuwa. Ka shafa gefen wuya ko ƙarafan firet na yankar hannu. Ka murɗa kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ke santsi ko gurnani zai zame maka ciwon kai.

Batun a ɓoye kyauta sai ranar biki kuma, ni ban goyi baya ba a nan. Hannu ya bambanta, wuyan da ya zauna wa wani zai iya yi wa wani faɗi. Ka ɗauki mutumin ku je tare ya riƙe ta da kansa, murnar ba za ta ragu ba. In dole sai an yi bazata toh a tafi da abokin kiɗansa.

Kuma kar a ƙarar da kuɗin duka a kan jitar. A rage na akwati ko jaka mai kauri, da ɗan na'urar saiti da ake maƙalawa a kai, da kafo, wato ɗan matsin da ake ɗaurawa a wuya ya danne tsirkiyoyin gaba ɗaya. Shi kafo amfaninsa mai jitar ya sauke saitin da rabin hawa ko hawa ɗaya don wuya ya huta, in yana son muryar asali sai ya ɗaura shi a firet na ɗaya ko na biyu, masu goma sha biyu da yawa haka suke yi. Sai tsirkiya saiti biyu marasa kauri, irin masu farawa da kaurin inci .010, a haɗa da ƙarin siririyar nan ta G ko guda uku, don ita ce mafi sirantaka kuma ita ke fara tsinkewa, ga shi saitin goma sha biyu ba kowane shago ke ajiye shi ba a Zariya, wani lokacin sai an aiko daga Legas.