Ladan wane kuturu rediyon ya ci?

Wata karin magana ce ta hana ni sakat tun bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoban 2025, kuma jiya ma sai da aka sake jefa mini ita a teburin mai shayi a nan Garwa. Ana hirar yadda gidan rediyon gwamnati ya ɗauki zaɓen, samari suna ta ƙorafi, sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, har da kai da iliminka? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Aka kwashe da dariya, aka ce Baba ya kashe bakin kowa. Ban tanka ba, don ba a ja da babba a gaban yara. A nan zan tanka.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ladan wa aka ci? Kai ya kamata ka fi kowa sani. Tun 1989 akwai wani layi a takardar albashin ma'aikacin Kamaru, na gwamnati da na kamfani, inda ake yanke masa kuɗin rediyo da talabijin kafin albashin ya shigo hannunsa. Wata-wata aka yi ta cire maka har ka ajiye alli. Ba a taɓa tambayarka ko kai ɗan jam'iyyar RDPC mai mulki ne ko jam'iyyar UNDP ko FSNC ba. Malamin asibiti a Marwa yana biya, ma'aikacin auduga a Garwa yana biya, har wanda bai mallaki akwatin rediyo ba. To idan akwai kuturun da ya biya lada a wannan ƙasa, mu ne. Mun miƙa kuɗinmu, wanzami ya karɓa ya sa a aljihu, ya juya ya je yana aske wani, mu kuma muna zaune da suma muna yaba masa iya riƙon aska.

Abin da ke ƙona mini rai da wannan karin maganar shi ne ta mai da abin kunya ya zama hikima. Mutum ya faɗe ta, ya gyara zama, ya ji kamar ya fahimci duniya. Alhali abin da ya yi shi ne ya sa hannu a kan cewa gwamnati da jam'iyya da ƙasa duk abu ɗaya ne, kuma na mutum ɗaya ne.

Masu kare gidan suna da amsarsu a shirye: ai doka ta raba wa kowane ɗan takara mintocinsa lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma 'yan takara 12 duk sun samu. Wannan amsa ta yara ce. Yaƙin neman zaɓe mako biyu ne. Wa'adin shugaban ƙasa shekara bakwai ne. A ina kuke zaton ake gina ra'ayin mai sauraro, a mako biyun ko a shekara bakwai ɗin? Sannan ko a cikin mako biyun, mintocin da aka raba ai wani ɗan akurki ne a gefe. Zauren gidan shi ne labaran ƙarfe ɗaya na rana, kuma a can mutum ɗaya yana da riga biyu. Abokan hamayyarsa 'yan takara ne kawai, sai an zo filin siyasa a ji su. Shi kuwa ɗan takara ne a filin siyasa, shugaban ƙasa ne a kanun labarai. Minista ya buɗe rijiyar burtsatse, labari ne, kuma da umarnin shugaban ƙasa ya buɗe ta. Manyan wata gunduma sun taru sun rubuta takardar goyon baya, labari ne. Ba wanda zai ƙirga wannan a cikin mintocin kowa. Shugaba Paul Biya gangami ɗaya tak ya yi, a Marwa ranar 7 ga Oktoba, kamar yadda a 2018 ma Marwa ɗin ya zo. Bai buƙaci na biyu ba.

Kuma ba a ɓoye ake ɗinka wannan rigar ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa babban daraktan CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati. Ministan sadarwa, wato kakakin gwamnati, shi ne shugaban majalisar gudanarwar gidan. Hukumar da aka ɗora wa sa ido a kan kafafen yaɗa labarai, ita ma shugaban ƙasa ne ke naɗa mutanenta. Wasu na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, wai laifin 'yan jaridar ne masu neman fada. Ban yarda ba. Na san cikinsu akwai ƙwararru da za su iya aiki a kowace tasha a duniya. Ka sa mutum a ɗakin da ƙofarsa da tagarsa duk suna kallon fada, sannan ka zarge shi da rashin ganin kasuwa?

Yanzu bari in taɓo 'yan unguwarmu, don na san su ne za su fi jin daɗin abin da na rubuta zuwa nan. Magoya bayan Issa Tchiroma Bakary, ɗan takarar adawa, suna kuka da rediyon kamar a 2025 aka haifi gwanin nasu. Ɗan Garwa ne, namu ne, kuma kashi 35.19 da aka ce ya samu, a gaban 53.66 na Biya, ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da a 2018 aka ba Biya 71.28. Amma daga 2009 zuwa farkon 2019 wa ke riƙe da ma'aikatar sadarwa? Wa ke zaune a kan waccan kujerar ta majalisar gudanarwa? Ai Tchiroma ne. A cikin waɗannan shekarun ne aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa a watan Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, bai shaƙi iska ba sai Disamban 2017. Tchiroma ya san kowane lungu na gidan nan, shi ya sa da ya tashi shelar cewa shi ya ci zaɓe bai nufi can ba, Facebook ya hau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai ban ga dalilin da zai sa in gaskata cewa da ya hau zai toshe yoyon ba, in dai tsarin naɗe-naɗen na nan yadda yake. Kiɗa ne kawai zai canza, sanƙira yana nan.

Sai kuma 'yan boko masu cewa rediyo ya mutu, a bar shi, ai kowa yana da WhatsApp. Waɗannan ba su taɓa kwana a ƙauye ba. Manomin da ke bayan Lagdo, da makiyayi, da matar da ke cikin gida tana tankaɗe, ba su da kuɗin data, kuma Faransancin Yawunde bai shiga kunnensu. Abin da suke da shi shi ne 'yar rediyo mai batir da muryar da ke magana da Fulatanci ko Hausa daga tashar yanki. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, ɗaya daga cikin tashoshin da iyayenmu suka saba kamawa da asuba su auna abin da aka faɗa musu a gida. Ƙofofi suna raguwa, ku kuna cewa a bar wadda ta rage wa mai ita. Kuma duk wanda ya zauna a Garwa a makonnin bayan zaɓe ya ga abin da WhatsApp ke iyawa: sakamako kala-kala, bidiyon da ba a san na wace shekara ba ne, sautin murya marar suna yana rantsuwa da Allah. Mutane ba don wauta suka rungumi wannan ba. Sun kunna inda ya kamata su ji gaskiya ne suka tarar ana kirari.

Gyaran ba sai an ɗauko masana daga Turai ba. A raba kujerar kakakin gwamnati da ta shugaban majalisar gudanarwa. A riƙa ƙirga mintocin labarai gaba ɗaya, har da na masu buɗe rijiya, a buga kowa ya gani. A sakar wa tashoshin Garwa da Marwa da Ngaundare mara su tara 'yan takarar yankinsu su yi muhawara da harshen da masu zaɓe ke ji, a tambaye su hanyar Mora zuwa Kusuri da ambaliyar Yagwa, tun kafin zaɓen 'yan majalisa da na magadan gari da aka yi ta ɗagewa ya zo.

Da na tashi tafiya jiya, na biya wa Baba kuɗin shayinsa. Ya sa mini albarka, ya zaro 'yar rediyonsa daga aljihu, ya ja eriya. Lokacin labarai ya yi.