Papingo, ƙauyen da 'yan ci-rani suka gina

Da an ce Girka sai hankalin mutane ya tafi bakin teku da fararen gidaje, ni kam ƙauyen da ya tsaya min a rai ko kusa da teku ba ya. Papingo sunansa, can arewa maso yamma a yankin Zagori kusa da iyakar Albaniya, kamar kilomita 60 daga birnin Yowanina. Hanyar ma sai direba mai natsuwa, kwana kan kwana ana hawa har wajen mita 950, ga dutsen Astraka tsaye a bayan gari kamar ganuwa. Ƙauyen biyu ne ma, akwai babba akwai ƙarami.

Komai na dutse ne, bango dutse, rufi falalen dutse, har lungunan da dutse aka shimfiɗe su. Ƙasar ba ta noman kirki, shi ya sa tun zamanin mulkin Turkawa mazajen Zagori suke tafiya ci-rani Santambul, Romaniya, Rasha har Masar, a bar mata da gona da awaki da yara, amma fa kuɗin da suka samo gida yake dawowa, da shi aka gina makarantu da coci-coci da gadojin nan na dutse masu lanƙwasa. Wallahi wannan abin na burge ni, mutum ya yi arziki a waje bai manta inda aka binne cibiyarsa ba.

Yanzu ne abin ke damuna. Bayan yaƙin duniya na biyu da yaƙin basasar 1946 zuwa 1949 jama'a suka watse birane, wannan karon kuma yawanci ba su dawo ba. Yau gidaje da yawa sun koma masaukin baƙi masu zuwa kallon kwazazzabon Vikos da kogin Voidomatis, a 2023 ma UNESCO ta sa Zagori cikin wuraren tarihi na duniya. Masu cewa yawon buɗe ido ya ceci ƙauyen ba ƙarya suke ba, ba don shi ba da gidaje da dama sun rushe. Amma ni dai a ganina ƙauye sai da yara 'yan makaranta, da makiyayi, da wanda zai zauna har lokacin dusar ƙanƙara bayan baƙi sun tafi. Tunda hukuma ta iya kafa doka kan yadda za a yi gini don kar kyan wurin ya lalace, to ta daure ta nemo wa matasan abin da zai zaunar da su, likita a kusa, intanet mai ƙarfi, da motar haya mai zuwa birni kullum.