Masu keke a gaɓar tekun Gana, ku sauka daga babban titi

Jama'a, duk lokacin da masu keken tsere na Akra suka ce za su fita bakin teku, har da samarinmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango, sai ka gan su sun jeru a kan N1 sun nufi Kasoa. Ni a ganina ɓata ƙarfi ne, kuma kasada ce da rai. N1 titin manyan motoci ne da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Takoradi da iyakar Kwaddibuwa, ga tifofin yashi, ga tirotiro, wato ƙananan bas na haya, da ke yanko gefe ba sigina da zarar fasinja ya ɗaga hannu. Sannan a yawancin tsawonsa ko tekun ba ka gani. Hanyoyin da suka dace da keke su ne ƙananan da suka ratse daga jikinsa suka gangara garuruwan masunta. Ka sa keke a mota, ka wuce cunkoson, ka fara tuƙi daga inda titi ya zama naka.

Wanda bai taɓa fita ba, gabas zan tura shi, yankin Keta. Bayan gadar Sogakope a kan kogin Volta, a mahaɗar Dabala ake barin titin Aflao a yi kudu. Daga Anloga zuwa Keta wajen kilomita 20 ne a kan siririyar ƙasa mai yashi, teku ta gefe ɗaya, tafkin Keta ta ɗaya gefen, wanda shi ne tafkin ruwan gishiri mafi girma a Gana. Ba tudu ko ɗaya. Hanyar tana ratsa Woe da Tegbi, tsakanin fadamun ƙananan albasa da mutanen Anlo ke nomawa a cikin yashi da ban ruwan rijiya. A Woe akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape St. Paul, a Keta kuma ragowar ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, wadda teku ta cinye wani sashe nata. Tsarin da na fi yarda da shi: a kwana a Keta, a tashi bayan sallar asuba a yi kudu maso yamma zuwa Anloga, a zarce Dzita har Anyanui kusa da inda Volta ke shiga teku, a juyo. Zuwa da dawowa wajen kilomita 80 ne.

Me ya sa daga Keta, ba daga Anyanui ba? Saboda iska. A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don suna auna hanya da kilomita kawai. Iskar gaɓar Gana a mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take busowa. Da sassafe tana kwance. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi fiye da ruwa, sai iskar teku ta taso ta ƙaru a kan waccan, ta yi ta ƙarfi har la'asar. Gaɓar kuwa a karkace take, daga yamma tana hawa gabas maso arewa. Ke nan wanda ya nufi yamma da safe ya juyo gabas da hantsi, iska ce za ta turo shi gida. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin rabin farko ya ɗauka ƙarfinsa ne, sai ya juyo a gajiye ya tarar da ita a fuska. Lissafin ba wuya: idan kana gudun kilomita 25 a awa, iska mai gudun 15 tana tunkararka, jikinka yana tsaga iska mai gudun 40 ne. Turjiyar iska kuma ba ɗaya bayan ɗaya take ƙaruwa ba, ninka kanta take yi, saboda haka ƙarfin da za ka kashe a kanta ya haura ninki biyu da rabi. A fili irin na Keta ba tudu ba daji da zai kare ka. Idan ƙungiya ce, a jera ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya ja minti biyu ko uku ya koma baya, kada kowa ya bari tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabansa. Da ya kauce wa rami ya goge ta, na baya ne zai sha ƙasa.

Daga Keta hanya ta ci gaba ta Kedzi da Blekusu da Agavedzi zuwa Denu, kusan kilomita 30. Tana da kyau, amma a wajen Agavedzi ambaliyar teku ta sha hawowa ta rushe gidaje ta zuba yashi a kan titi, don haka a tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a shiga.

Yamma daban ce. Can tafkuna da bakin rafuka sun yanka gaɓar, shi ya sa babu hanya guda da ke bin teku tun daga Akra har Cape Coast. Garuruwa irin su Senya Beraku da Winneba da Apam kowanne da reshensa daga N1. Reshen da ya fi armashi shi ne wanda ya gangara Apam, inda ganuwar Patience ta Turawan Holan take a kan tudu tun 1697, ya wuce Mumford da Dago zuwa Otuam a ƙasar Ekumfi, masu noman abarba. Nan akwai hawa da gangara, gajeru amma a jere, kuma ba ko'ina kwalta take lafiya ba. Mai son ɗan gajeren zagaye kuwa ya yi Cape Coast zuwa Elmina, kilomita 12 zuwa 13 a gefen itatuwan kwakwa, ya tsaya gaban ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Sai dai wani yanki na hanyar a kan N1 yake, don haka da sassafe kawai.

Yanzu batun keken kansa, wanda nan ne zan ɓata wa wasu rai. Taya mai faɗin milimita 23 da aka bunƙara wa iska har 110 a psi, wato ma'aunin iskar taya, ba ta da aiki a waɗannan hanyoyi. An yi ta ne don kwalta mai santsi. A kan kwaltar da ta fara tsagewa tsalle take yi, tana gajiyar da hannu da baya, kuma gudunta bai fi na mai faɗi ba. Ka sa 28, in jikin keken zai ɗauka ka sa 32. Mutum mai nauyin kilo 70 zai sa iska 70 zuwa 80 a ma'aunin psi a taya 28, ko 55 zuwa 65 a taya 32, ta gaba ta ɗan yi ƙasa da ta baya. Kada kuma a rage ta wuce haka. Idan iska ta yi kaɗan ka daki bakin rami, ƙarfen rim zai matse tib ya huda shi wuri biyu a jere. Duk wanda ya ciro tib ya ga huda biyu kusa da juna, ba ƙusa ba ce, ƙarancin iska ne. Idan huda ɗaya ce ta wajen waje, a bi cikin tayar da yatsa a hankali a ciro ƙayar ko gilashin kafin a sa sabon tib, in ba haka ba shi ma nan take zai tafi.

Abin ɗauka: tib biyu, kayan faci, famfon hannu, ƙarafan cire taya biyu, makullan alanki 4 da 5 da 6, da mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyar kekenka. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake mantawa, adaftar bawul. Kekunan tsere siririn bawul gare su, masu faci na ƙauye kuwa bakin famfonsu na bawul ɗin mota da babur ne. Ba adafta, kana tsaye gaban injin iska amma ba zai amfane ka ba. Tib mai lamba 700, wato girman na keken tsere, shi ma ba kasafai ake samunsa a wajen manyan garuruwa ba.

Yashi a kan kwalta ya fi rami haɗari, domin rami kana hango shi. Iska tana tara shi a gefen titi da cikin kwana. In ka shiga, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka karya kan keke. Ka ja nauyinka baya, ka sassauta riƙo, ka ci gaba da taka feda a miƙe har ka fita. Duk rage gudun da za ka yi, ka gama shi kafin kwana. A shiga gari kuma akwai tudun rage gudu, wasu mutanen gari ne suka yi abinsu da ƙasa ko siminti ba fenti, ga awaki, ga yara, ga aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, da ke juyawa a tsakiyar titi. Wasu wuraren masunta na shanya raga ko ƙananan kifi a bakin hanya. Gari ba wurin gwada gudu ba ne, a lallaɓa a gaisa da mutane a wuce.

Sai gishiri. Iskar teku tana ɗauke da shi ko ba ka kusanci ruwa ba, kuma shi ne ke kashe kekuna a gaɓa. A wanke keke ranar da aka dawo, da ruwan daɗi a bokiti da soso. Kada a kai wa masu wankin mota su feshe shi da injin, ƙarfin ruwan yana kore giris daga cikin boris ya tura yashi ciki. A goge sarƙa ta bushe, a ɗiga mai digo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a sake gogewa har sai ba mai a waje. Sarƙar da ke naso da mai tana kwasar yashi, su haɗu su riƙa cin haƙoran giya kamar dutsen niƙa. Bakin mai na injin mota ya fi komai yin wannan ɓarna. A riƙa auna sarƙa da ma'auninta: ta giya 11 a canza in ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, ta giya 9 ko ƙasa da haka a kashi 0.75. Wanda ya bari ta wuce nan zai sayi sarƙa da giyar baya gaba ɗaya. Sandar sirdi ta alminiyam a cikin jikin keke na ƙarfe ita ma a zare ta duk wata biyu ko uku a shafa giris. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu da laima mai gishiri cin juna suke yi har su manne, wani lokaci sai an yanka sandar. Robar birki kuma a duba, a tsince tsakuwar da ta nutse a ciki kafin ta zaizaye rim.

Zafin gaɓa ba irin na arewa ba ne. Laima ta yi yawa, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa da sauri, ga shi kana ta zubar da ruwa. A sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, tun kafin ƙishi. Ledar fiya wata rabin lita ce, kuma kusan kowane ƙauye akwai ta, saboda haka gora biyu sun isa in dai ana cikawa. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan kwakwa yana da daɗi amma gishirin da gumi ke fitarwa kaɗan ne a cikinsa, kada a dogara da shi kaɗai. Ci kuwa, ayaba ɗaya ko biyu duk awa, ko dabino. Koko da ƙosai kafin tashi ya wadatar. Dokunu da soyayyen kifi a bar shi sai an sauka, don yana zama a ciki. Wanda ya fara jin sanyi a tsakiyar rana, ko jiri, ko ya ga gumi ya ɗauke, ya sauka ya shiga inuwa a zuba masa ruwa, tafiyarsa ta ranar ta ƙare. In ya fara rikicewa a magana, asibiti za a nufa da shi.

Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, tana faɗuwa wajen shida, kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jira. A tashi da fitilar gaba da jar fitilar baya a kunne, da hular kwano, a yi niyyar sauka kafin sha ɗaya. Watan Agusta ya fi kowane dacewa, gari da sanyi-sanyi kuma ruwan sama ya lafa. Mayu da Yuni damina ce sosai, ramuka na ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Daga Disamba zuwa Janairu hunturu kan iso gaɓa jefi-jefi, ya kawo hazo ya rage wa direba gani, kuma a irin waɗannan kwanaki iskar safe tana iya juyawa ta fito daga arewa maso gabas, sai a duba kafin a zaɓi inda za a fara nufa. A kauce wa Anloga ranar Asabar ta farkon Nuwamba, lokacin bikin Hogbetsotso, da Winneba a Asabar ta farkon Mayu saboda Aboakyer, sai fa in kallon bikin aka je. Asabar ma gaba ɗaya ranar jana'iza ce a kudancin Gana, a ƙananan garuruwa akan kafa rumfuna har kan titi, don haka safiyar Lahadi ta fi sauƙin wucewa. Manyan garuruwan yamma irin su Winneba da Mankessim da Cape Coast suna da zango da masallaci, amma a ƙauyukan masunta da ke tsakaninsu ba lallai a samu ba, sai a tanadi ruwan alwala a gora.