Yadda Malam Ya Koma Bahago

Da ɗaliban Malam na Agege suka yanke shawarar karrama shi, kowa ya ce a ɗinka babbar riga a huta, ni ne na miƙe na ce malami irin wannan ya fi ƙarfin shadda, sai dai zane a kan jan ƙarfe. Na kawo musu misalin mai zane Rembrandt na ƙasar Holan, wanda a 1647 ya zana wani mutum mai suna Jan Six a kan jan ƙarfe, jingine da taga yana karatu, yadda ko wanda bai san shi ba zai gane ma'abocin littafi ne. Na ƙara da mai zane Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yake da ɗakin aiki a Mushin, don su san a Legas ma ana yi. Aka tara kuɗi, na kai wa wani yaro mai zane a Yaba hoton Malam yana rubutu.

A gabana ya shafe farantin da kaki, ya karce siffar da allura, ya tsoma shi a asid domin ya ci layukan, har tamojin goshin Malam na lokacin da ɗalibi ya karya i'irabi sai da ya fito. Abin da yaron bai ga dama ya faɗa mini ba shi ne, idan aka cika layukan da tawada aka matse takarda a kai, dama takan koma hagu. Ya ba ni bugun a naɗe, na rungume shi a cikin motar haya ta danfo.

Ranar walima na yi jawabi mai tsawo a kan yadda hoton ya kama halin Malam, na ce ko riƙon alƙalaminsa shaida ne, sannan na yaye takardar da kaina. Zaure ya yi tsit. Malam ya gyara tabarau, ya dubi hoton, ya dubi hannunsa na dama, ya sake duban hoton, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, yaushe na fara rubutu da hagu?" Sunansa da aka rubuta da ajami a ƙasa kuwa ya juya baya, sai da madubi ake karanta shi.

Alhaji mai goro ne ya fara fashewa da dariya, mutumin da har yau bai biya nasa kason ba, ya ce sai motarsa ta iso daga Shagamu. Shi ne ya aika yaro gida ya ɗauko madubin uwargidansa, ya riƙa zagayawa da shi sahu-sahu, kuma shi ne ya tafi da ragowar lemo a buhu ana kallo. Na tuna masa bashin a bakin masallaci, ya ce in rubuta masa lissafin da hagu.

Malam ya rataye hoton a zaure. Rigar ma daga baya an ɗinka.