Ka biya, amma makullin yana hannunsu

Jama'a, duk mai hulɗa da masu buga takardu a UTC Area 10 ko masu sayar da waya a Banex, nan Abuja, ya san maganar da ta fi yawa a bakin 'yan kasuwa yanzu: "Ai ba sai ka biya duka ba, Alhaji." A kwamfuta, manhaja ce ake ba ka haya wata-wata. A kanti kuma waya ce za ka ɗauka yau, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. A ganina cinikin ɗaya ne. Ana nuna maka ɗan abin da za ka biya a wata don kada ka tambayi jimilla, sannan ko kayan sun shigo hannunka, makullinsu yana wurin wanda ya sayar maka.

Da can mai zanen katin biki yakan sayi Photoshop sau ɗaya, ya yi shekaru yana cin abinci da ita. A 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya daina fitar da sabuwar da ake saye a mallaka, CS6 ce ta ƙarshe, daga nan sai haya. Autodesk, masu AutoCAD da masu zanen gine-gine ke amfani da ita, suka bi sahu a 2016. Microsoft har yanzu yana sayar da Office na biya sau ɗaya, amma Microsoft 365, wadda ake haya, ce a gaba a shafinsu, ɗayar sai ka tona. Hujjarsu ita ce kullum kana kan sabon samfuri, kuma ba sai ka tara kuɗi mai yawa ba kafin ka fara aiki. Ga babban kamfani mai kasafin shekara, maganar tana da kan gado. Amma mai shagon buga takardu a bakin Sakatariya, wanda aikinsa wasiƙar neman aiki da takardar rantsuwa, me sabon samfuri ya ƙara masa? Word ɗin shekara goma baya za ta yi masa aikin nan tsaf.

Ga kuma dala. A ce manhaja dala 20 ce a wata. Kafin Yunin 2023, da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, naira 9,200 ke nan. Da ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan manhajar dai, ba a ƙara mata komai ba, ta koma naira 30,000, ga harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan irin waɗannan hidimomi. Wanda ya saya ya mallaka, faɗuwar naira ba ta shafe shi ba. Mai haya kuwa duk wata sai ya ji a jikinsa. Ko biyan ma ya taɓa zama wahala: a 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, mutane suka koma katin dala na cikin waya, mai canji sama da na banki, ga kuɗin buɗewa, wani ma har tara yake cira idan an zo cirar kuɗi ba a tarar da isasshe ba.

Inda aka fi kama mutane shi ne tsarin da ake kira na shekara amma biya wata-wata. Shi ne mai rahusa a ido, shi ya sa hannu ke zuwa kansa. Abin da ka sa wa hannu alkawarin wata 12 ne. A ƙa'idar Adobe, idan kwana 14 suka wuce ka ce ka fasa, sai ka biya rabin abin da ya rage. Wato a misalinmu na dala 20, ka yi wata 4 aiki ya tsaya, saura wata 8, dala 160, za a cire maka dala 80 ladan fita. Wannan tarar da wahalar sokewa su suka sa gwamnatin Amurka ta kai kamfanin kotu a Yunin 2024. Idan Ba'amurke mai karanta sharuɗɗan da harshen uwarsa bai lura ba, ina ga yaron da ke koyon zane a Nyanya?

Sai ranar da ka kasa biya za ka gane na wane ne kayan. Microsoft 365 za ta bar ka ka buɗe takardarka ka buga ta, amma ba gyara, ba sabuwa. Wurin ajiyar OneDrive ya sauko daga 1TB zuwa 5GB. Na Google ya fi ciwo, domin 15GB ɗin kyauta haɗe yake tsakanin Gmail, Drive da hotuna. Ka sayi ƙari, ka zuba bidiyon biki har ya cika, ka daina biya, sai imel ya daina shiga kuma ya daina fita, alhali da shi ka nemi aiki, da shi banki ke turo maka saƙo. Maganin wannan tun kana da hali ake yin sa: duk aikin da ka gama, ka fitar da kwafi a PDF ko PNG, ka ajiye a filashi ko faifan ajiya na waje. Ka kuma gwada LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP da Inkscape don zane, DaVinci Resolve ta kyauta don bidiyo. Ba su kai na kuɗi santsi ba, kuma wani lokaci jerin takarda yakan ɗan goce idan an buɗe ta a Word, amma ba wanda zai kulle su a kanka. Na sata da ake zuba wa mutane a kasuwa kuwa, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta suke zuwa, a injin da kake shiga asusun bankinka.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi. A Android ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, ka soke a nan. A iPhone ka shiga Settings, ka taɓa sunanka, za ka ga Subscriptions. Gwajin kyauta na kwana 7 da ya nemi lambar kati, ka sa wa kanka tuni ka soke da saura aƙalla kwana ɗaya cur.

Yanzu wayar biya kaɗan-kaɗan, wadda ta fi shafar talaka. Mu yi lissafi da misali. Waya naira 180,000 ce kuɗi hannu. Ka ba da kafin alƙalami 60,000, saura 120,000 a wata 6, aka ce ruwa kashi 6 ne kacal a wata. Kashi 6 na 120,000 shi ne 7,200. Duk wata za ka biya 20,000 na uwar kuɗi da 7,200 na ruwa, 27,200 ke nan, jimilla wayar ta tsaya maka 223,200. To ga inda gizo ke saƙar: ruwan ba ya raguwa yadda bashin ke raguwa. A wata na shida 20,000 kawai ake bin ka, amma 7,200 ɗin na nan daram, kashi 36 na abin da ya rage. Idan aka auna da bashin da ke kanka a zahiri kowane wata, ruwan ya kusa kashi 10 a wata. Ba a sa kuɗin fom ba, ba a sa tarar jinkiri ba. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na 70,000, yana biyan mota daga Mararaba ko Kubwa kullum, 27,200 ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo masa.

A cikin wayar kuma akwai manhajar kulle da aka dasa tun kafin a miƙo maka. Ranar biya ta wuce, allon ya rufe, sai wurin biya da kiran gaggawa. Ba ruwanta da an yi jinkirin albashi, ba ruwanta da ka riga ka biya kashi biyar cikin shida. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp ko ɗan kai saƙo a babur, da wayar yake neman kuɗin da zai biya, ita kuma aka rufe. Mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani galibi ba ya cire kullen. Wannan ya haifar da wata cutar a kasuwar wayar hannu: mutum ya ɗauko ta bashi, ya sayar da araha, bayan mako uku ta rufe a hannun wanda bai ji ba bai gani ba. Mai sayen ta hannu ya nemi rasit da kwali, ya duba lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da *#06# ya ga ta yi daidai da ta kwalin, ya leƙa jerin manhajojin da ke da ikon gudanar da wayar, ko akwai wadda ta ƙi goguwa.

Kafin a ba ka, an karɓi BVN, NIN da lambobin 'yan uwanka biyu ko uku. Ka makara, su za a fara kira, surukinka ya ji abin da matarka ba ta sani ba. Sunanka kuma yana iya shiga rajistar masu bashi ta kamfanoni irin su CRC da FirstCentral, wadda bankuna ke dubawa, sai bashin waya ya tare maka rancen jari bayan shekara biyu.

Ta fuskar addini, mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya tun wurin ciniki. Irin sa ne murabaha da bankunan Musulunci kamar Jaiz da TAJ ke yi. Amma bashin da ke ƙaruwa saboda an makara, wannan kowa ya san sunansa, kuma yawancin takardun nan suna ɗauke da shi a shafin da ba a karantawa.

Ban ce kowa ya guje shi ba. Wanda wayar ko injin zai kawo masa fiye da kuɗin wata, ya yi lissafinsa ya shiga. Wanda kuwa don ya riƙe sabuwa ne, adashin wata shida zai ba shi wayar nan a 180,000, ya tsira da 43,200. Idan dole sai ka ɗauka, kada ka bar kantin sai an rubuta maka jimillar da za ka biya har ƙarshe, nawa ce tarar kwana ɗaya, kwana nawa ake ɗaga ƙafa kafin a kulle, ko ana yafe ruwan watannin gaba idan ka biya da wuri, da kuma ranar da za a cire manhajar kullen bayan ka gama. Ka ɗauki hoton takardar, ka adana kowane alat na biya. Idan aka cire abin da ba ya cikin yarjejeniya, ko aka bi danginka da cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, hedikwatarta tana nan Abuja, tana kuma karɓar ƙorafi ta intanet. Abin da za su fara nema a wurinka shi ne wannan takardar da waɗannan alat ɗin.